Zamiyar Bibbiyu ko Rawar Ƙanƙara: Wacce Ta Dace da Mai Yi Don Nishaɗi?

Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana zuwa filin zamiya a kan ƙanƙara, ya iya tafiya gaba da baya, har ya fara ɗan tsalle, wata rana zai tsaya a gefe ya ga mutum biyu sun riƙe hannu suna keta filin da gudun da shi kaɗai bai taɓa kaiwa ba. Daga ranar sha'awa ta shiga. To amma hanyar zamiya da abokin tafiya ta rabu gida biyu, kuma mai kallo daga nesa yakan ɗauka abu ɗaya ne. Akwai zamiyar bibbiyu, wadda ake ɗaga mace sama da kai, a cilla ta, su yi tsalle kafaɗa da kafaɗa. Akwai kuma rawar ƙanƙara, wadda ginshiƙinta bin kiɗa ne da sarrafa kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalmi, jiki kusa da jiki.

Ƙungiyar ISU, wadda ke kula da wasan a duniya tun 1892, ta raba su da doka. A rawa ba a cilla kowa, ba a tsallen da ya wuce juyi ɗaya, mai ɗagawa ba ya miƙe hannuwansa sama da kansa da abokiyarsa a kai, kuma in ban da wuraren da aka keɓe, ba a so su yi nisan da ya wuce tsawon hannu biyu. A zamiyar bibbiyu kuwa duk abin da aka hana a can shi ne abin nema. Ita ce ma babba a shekaru: tana cikin gasar Olamfik ta Landan a 1908, inda Anna Hübler da Heinrich Burger na Jamus suka ci, rawa kuwa sai 1976 ta shiga a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya.

Abin da ke jan mutane zuwa zamiyar bibbiyu ba ɓoyayye ba ne. Mutum biyu da suka daidaita turin ƙafarsu suna samun gudu ba tare da wahala ba. Macen da tsallenta ita kaɗai bai wuce tafin hannu biyu daga ƙanƙara ba, in aka taimaka mata da cilli sai ta ji ta daɗe a sama, ta sauka nesa da inda ta tashi. Namijin da gwiwarsa ta gaji da tsalle yakan tarar cewa ƙarfinsa da nutsuwarsa sun sami wurin amfani. Sannan akwai wanda ke jiranka a filin da sassafe, wanda hakan kaɗai ya isa ya hana mutum yin lalaci.

Ƙafarka kafin hannun wani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tunanin cewa riƙe hannun wani zai rufe raunin mutum. Akasin haka ne. Duk wanda ke dogara da hannun abokinsa don kada ya faɗi, yana ture shi ne daga kan kaifinsa, kuma faɗuwar ɗaya takan zama ta biyu, ga wuƙaƙen takalmi huɗu a wuri guda.

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin faɗinsa kamar milimita 4 ne, an fafe tsakiyarsa, don haka kowace ƙafa tana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Ƙafa biyu, kaifi bibbiyu, gaba da baya: hanyoyi takwas ke nan. Kafin a yi maganar abokin zamiya, ya kamata mutum ya iya riƙe kowace daga cikin takwas ɗin a kan rabin da'ira ba tare da ya sauke ɗaya ƙafar ba, ya iya gittin ƙafa ta baya a hagu da dama, ya iya juyawa daga gaba zuwa baya a ƙafa ɗaya da kuma ta sauya ƙafa, ya kuma iya tsayawa cak daga cikakken gudu. Wannan sharaɗi ya hau kan fannonin biyu.

Daga nan ne suke bambanta. Rawar farko da ake koyarwa a tsarin Amurka, Dutch Waltz, gaba kawai ake tafiya, su biyun suna taka taku iri ɗaya, a riƙon Kilian, wato mace a damar namiji, hannunsa na dama a kan ƙugunta, hannayensu na hagu a haɗe a gabansa. Kiɗanta bugu 138 ne a minti. Wanda ya iya kaifin gaba da kyau zai iya shiga cikinta a makonnin farko. Canasta Tango da Rhythm Blues ma gaba ake yinsu. Sai an kai Swing Dance ake fara fuskantar juna, ɗaya yana tafiya da baya. Ke nan rawa tana da matakala mai gajerun taku.

Zamiyar bibbiyu ba ta da wannan sassauci. Tana so kowannensu ya zo da tsallensa da juyinsa na katantanwa a hannu. Ko a matakin ƙasa, ana so su yi tsalle ɗaya a lokaci guda, su sauka tare, su yi juyi gefe da gefe su fita tare. In ɗaya ya iya tsallen Salko da na Luf, masu cikakken juyi a sama, ɗayan kuma bai wuce tsallen rabin juyi ba, shirin gaba ɗaya zai tsaya ne a matakin mai rauni, mai ƙarfin kuma zai fara ƙosawa bayan wata shida. Wanda tsalle ba ya ba shi daɗi, ko likita ya ce ya rage dukan gwiwa da ƙugu, amsarsa ta riga ta fito tun a nan.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa sai an riga an shaƙu. Yawancin masu zamiya suna juyawa ne ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, kaɗan kuma suna juyawa ta dama. In aka haɗa masu juyi daban, ana iya yi, ana kiransa zamiyar madubi, kuma Kristi Yamaguchi da Rudy Galindo sun ci gasar Amurka da shi. Sai dai juyin da ake yi a riƙe da juna dole ɗaya ya koye shi ta ɓangaren da ba nasa ba, kuma shiga tsalle tana neman ƙarin lissafi don kada su nufi juna. A rawa wannan bai cika damun kowa ba, tunda dama ana son mutum ya iya juyawa ta kowane ɓangare.

Ɗagawa, da abin da ke lalata ta

ISU ta kasa ɗagawa gida biyar bisa ga inda aka riƙe: ta hammata, ta ƙugu, ta kwankwaso ko saman cinya, hannu da hannu a tura sama kai tsaye, sai hannu da hannu inda mace ke wulwulawa tana hawa. Biyun farko su ne gonar mai yi don nishaɗi. Ukun ƙarshe, waɗanda mace ke can sama da kan namiji da ya miƙe hannu, su ne ake gani a talabijin, kuma faɗuwa daga can faɗuwa ce daga sama da mita biyu a kan abin da taurinsa bai bambanta da siminti ba.

Mutane suna ɗauka namiji ne ke ɗagawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ɗagawar hammata, mace ce ke yin tsalle, ta danna hannunta ƙasa a kan kafaɗarsa ko hannunsa, ta ƙulle gwiwar hannu, ta ɗaure ciki da baya su zama kamar katako. Shi kuma ya durƙusa ya shiga ƙarƙashinta, ya miƙe da cinyoyinsa daidai lokacin da take tashi. In lokacin ya dace, nauyinta kusan ba ya jinsa. In ya riga ta, da ƙarfin hannu da baya zai ɗauke ta, kuma nan ne ciwon ƙugu ke samo asali. In ta riga shi, sai ta kai ƙololuwar tsallenta ta fara dawowa kafin ya shiga, ya tare nauyi mai saukowa. Macen da ta saki jiki don tsoro ta fi wadda ta fi ta kilo goma amma ta ɗaure jiki wahalar ɗauka. Wannan ne ya sa maganar nauyi, wadda ke hana mata da yawa ko gwadawa, ba ita ce tambayar farko ba a ƙananan ɗagawa.

Ƙafar namiji ita ce rabin da ba a kallo. Yana ɗauke da mutum, yana tafiya, yana kuma juyawa daga gaba zuwa baya, daga baya zuwa gaba, ta hanyar sauya ƙafa. Haƙoran da ke gaban ƙarfen takalminsa in suka taɓa ƙanƙara a lokacin, gudun ƙafarsa ya tsaya amma na samansa bai tsaya ba. Mai horarwa nagari da kunne yake fara gane matsala: juyi mai kyau shiru yake, in ya ji "ƙarrr" a ƙarƙashin namijin, ya san ya hau haƙori, ba zai bari ya ɗauki kowa ba sai sautin ya ɓace. Shi ya sa ake sa namiji ya yi ta wannan juyi shi kaɗai, hannuwa a sama, daga wannan bango zuwa wancan, har ya gundure shi.

Tsarin da ya fi aminci shi ne a fara a ƙasa da takalmin motsa jiki, a kan katifar atisaye, da mai horarwa tsaye a inda zai iya tarewa. In ta fita lafiya sau ashirin a jere, a ranaku daban-daban, sai a sa takalmin zamiya da murfin kaifinsa a maimaita a ƙasa, domin takalmin yana ƙara tsawo da nauyi a ƙafar mace kuma yana sauya yadda namiji ke tsayawa. Bayan haka a hau ƙanƙara a hankali, ba juyi. Juyi shi ne na ƙarshe. Kuma saukarwa darasi ce mai zaman kanta: yawancin hatsarin masu koyo a nan yake faruwa, lokacin da namiji ya ji an gama ya saki, mace ta dira da ƙarfi a ƙafa ɗaya. Ana saukar da ita ne da lanƙwasa gwiwa, sai kaifinta na baya na waje ya kama ƙanƙara sannan a saki.

A rawa ma akwai ɗagawa, amma sai an shiga rawar da ake tsara wa kai. Duk jerin raye-rayen da aka riga aka zana takunsu, daga Dutch Waltz har zuwa manya irin su Viennese Waltz, ba ɗagawa ko ɗaya a ciki. Mutum zai iya shekara goma yana ci gaba a rawa ƙafarsa ba ta bar ƙanƙara ba.

Cilli sunansa ya fi aikinsa ban tsoro a matakin farko. Ana farawa da tsallen rabin juyi, sannan Salko, wanda mai juyin hagu ke tashi daga kaifin ciki na ƙafar hagu tana tafiya da baya, ta sauka a kaifin waje na dama. Namiji ba jifa yake yi da hannu ba. Yana tafiya tare da ita ne, ya ƙara wa tashinta ƙarfi ta ƙugu, ya sake ta. Abu biyu ke ɓata shi. Ko dai ya ja ta da kafaɗa ta karkace a sama, ko kuma ita ta tsaya jiran a cilla ta maimakon ta yi tsallenta. Duk abin da ya faru, ita kaɗai ce za ta sauka, a ƙafa ɗaya, da ƙarfin da ya fi na tsallenta na kullum. Macen da saukarta ba ta zauna daram ba a tsallen kanta, cilli ba zai gyara ta ba. Wandon da ke da soso a kwankwaso da ƙashin zama yana da amfani a nan, haka ma igiyar da mai horarwa ke riƙewa daga sama inda filin ke da ita.

Akwai wata ɗagawar da ake wurga mace sama ta juya a iska a cafe ta a ƙugu kafin ta sauka. Mai yi don nishaɗi ya bar wa masu ita. Gwiwar hannun mace tana wucewa daidai hancin namiji, kuma a ƙaramin rukunin gasar da ake shirya wa manya masu yi don nishaɗi ma an hana ta.

Sai wanda ake wa laƙabi da kewayen mutuwa, wanda duk da sunansa yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin kusanta a hankali. Namiji yana kafa haƙorin takalmi ɗaya a ƙanƙara ya zauna a gwiwa yana juyawa a wurin, kamar ƙafar kamfas ta zanen da'ira, mace kuma tana kewaya shi a kan kaifi ɗaya, jikinta ya kwanta kusa da ƙanƙara. Iri huɗu ne, gwargwadon kaifin da take kai. Na gaba na ciki ya fi sauƙi, na gaba na waje ya fi wuya. Sirrinsa jan da ke tsakaninsu ne. Kowa yana jingina nesa da ɗan'uwansa, hannu a miƙe kamar igiyar da aka ɗaure tamau. Da zarar namiji ya miƙe tsaye ko ya sunkuya wajenta, igiyar ta saki, kaifinta ya zame, ta zauna a kwankwaso. Masu koyo suna farawa ne mace tana tsaye da ƙafa ɗaya a ɗage a baya, a riƙa sauke ta kaɗan-kaɗan cikin watanni. Faɗuwa daga nan gajeriya ce. Kafaɗar da aka riƙe ita ce ke shan wuya, don haka ba a maimaita shi sau talatin a zama ɗaya.

Abin mamaki, juyin gefe da gefe, wanda ba wanda ya taɓa wani, yana cikin mafi haɗari. A juyin da ake miƙe ƙafa ɗaya a baya daidai ƙugu, kaifin takalmi yana yawo a tsayin kan wanda ya sunkuya. Haka aka yanki Elena Berezhnaya a ka wajen atisaye a 1996, haka kuma Jessica Dubé ta Kanada ta ji rauni a fuska a gasa a 2007. Waɗannan ƙwararru ne. Juyin mai koyo kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana tafiya yana zana zobba. Saboda haka a bar tazarar da ko duka biyun sun miƙe ƙafa sun kuma matso ba za su haɗu ba, a fara da juyin tsaye, ɗaya kuma ya riƙa kiran lokacin sauyi da na fita da murya.

Kada wannan ya sa a ɗauka rawa ba ta da nata. Haɗarinta na kusanci ne: ƙafa ta harɗe da ƙafa, wutsiyar ƙarfen wani ta taka ta wani, wanda ke tafiya da baya ya faɗi ta ƙeya abokinsa ya biyo shi a kai. Ba a faɗowa daga sama, amma ana faɗuwa ba shiri, hannu kuma a riƙe, ba damar tarewa. Hular kwano ko maɗaurin kai mai soso ba abin kunya ba ne a kowanne daga fannonin biyu.

Abokin tafiya

Nan ne zaɓin yawancin mutane ke yankewa, ko sun so ko ba su so ba. A kusan kowane fili mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Namijin da ya iya gittin ƙafa ta baya kuma yana da hankali ba zai rasa mai so ba. Mace kuwa tana iya shekara tana nema.

Rawa tana da mafita uku. Takun raye-rayen a rubuce yake, iri ɗaya ne a ko'ina, don haka wadda ta iya Fiesta Tango za ta iya yinta da duk wanda ya iya, ko yau suka haɗu. Wasu filaye ma suna ware lokaci na musamman da ake sa kiɗa ana sauya abokan rawa. Ana iya cin jarrabawar mataki tare da mai horarwa a matsayin abokin rawa. Sannan akwai rawar mutum ɗaya, wadda yanzu take da gasanninta. Zamiyar bibbiyu ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun a aikace. Lokacin tashi a ɗagawa da cilli abu ne da jiki biyu ke koya game da juna, ba ya ƙaura zuwa wani sai an sake gini. In abokinka ya sauya aiki, ko ya ji ciwo, ko aka yi masa haihuwa, wasanka ya tsaya tare da nasa.

Game da jiki, a manyan gasa namijin bibbiyu yakan fi mace tsawo sosai saboda abin da ake nema a sama. A ƙananan matakai ya isa a ce zai iya ɗaga ta a ƙasa cikin nutsuwa, ya riƙe, ya sauke a hankali ba tare da ya lanƙwasa baya ba. A rawa an fi son tsawo ya yi kusa, domin in tazarar ta yi yawa tsawon taku ba ya daidaita, riƙon fuska da fuska kuma yana karkacewa. Tun ƙarshen 2022 hukumar wasan ta Kanada ta ce a gasanninta na cikin gida kowane mutum biyu za su iya zama tawaga, amma a dokar ISU mace da namiji ne, don haka mai niyyar gasa ya duba dokar ƙasar da yake.

Ma'aurata da yawa suna shiga don su sami abin yi tare, kuma yana yi musu kyau in sun kiyaye abu ɗaya: gyara aikin mai horarwa ne. Da zarar ɗaya ya zama malamin ɗaya, kowace faɗuwa sai ta zama shari'a. Masu horarwa da yawa suna kafa doka cewa a kan ƙanƙara mutum ya faɗi abin da ya ji a jikinsa kawai, "na ji an ja ni baya", ba "ka ja ni" ba. Ya kamata kuma tun farko a zauna a yi magana a kan kwana nawa a mako, yadda za a raba kuɗin darasi, ko ana son gasa ko ba a so, da kuma wane abu ne ɗaya ya ce ba zai taɓa yi ba. Wadda ta ce ba ta son a ɗaga ta sama da kafaɗa, an gama magana.

Fili, lokaci da kaya

Filin Olamfik mita 60 ne a 30, na hoki irin na Arewacin Amurka kuma kusan 61 a 26. Da faɗi, amma mutum biyu a riƙe ba sa iya kaucewa da sauri, kuma namijin da ke ɗauke da mutum ba ya ganin yaron da ya gitta ta bayansa. Shi ya sa yawancin filaye ke hana ɗagawa da cilli a lokacin jama'a, wasu ma har a lokacin atisayen masu tsalle in an cika. Kafin a sayi komai, a tambayi filin a wane lokaci ne aka yarda da aikin bibbiyu, kuma ko akwai mai horarwar da ya taɓa yinsa da kansa. Wannan na biyun ba abin sassauci ba ne. Wanda ya ƙware a koyar da tsalle bai zama lallai ya san inda ake sa hannu a ɗagawa ko yadda ake tare mai faɗowa ba, kuma bidiyon intanet ba ya tarewa. Masu koyar da rawa sun fi samuwa.

Rawa ma tana da tata rigimar fili, tunda zanenta yana bin gefen filin gaba ɗaya kuma ba a son a katse shi, amma ana iya yanka ta gunduwa-gunduwa a yi atisaye ko da mutane.

A lissafin lokaci, zamiyar bibbiyu aiki uku ce: zama biyu a mako tare a kan ƙanƙara, aƙalla ɗaya kowa shi kaɗai don kada tsallensa ya mutu, da ɗaya a ƙasa don ɗagawa da ƙarfafa ciki, kafaɗa da cinya. Wanda abin da yake da shi awa biyu ne a mako zai ga ci gaba a rawa. A bibbiyu zai yi ta maimaita watan farko ne.

Kaya ba su da yawan bambanci a farko. Takalmin tsalle na yau da kullum ya isa bibbiyu, sai dai namiji yana bukatar mai tauri sosai a idon sawu tunda nauyin mutum biyu zai ɗauka. Ƙarfen rawa wutsiyarsa ta fi gajarta da kamar santimita 2 da rabi, haƙoransa ƙanana ne, takalmin kuma an rage bayansa don a iya miƙe yatsu. Amma raye-rayen farko ana yinsu da takalmin da ake da shi, sai an fara taka wutsiyar juna a kai a kai sannan sauyi ya zama dole. Su biyun su riƙa wasa kaifi a kan lokaci, kusan bayan awa 20 zuwa 40 na zamiya, kada kuma a gwada sabuwar ɗagawa a ranar da aka karɓo takalmi daga wasawa, domin kaifin yana kamawa fiye da yadda ƙafa ta saba. A cire zobe da agogo. Safar hannu ta ulu tana zamewa a riƙo, riga mai santsi ko mai faɗi a ƙugu ma haka.

Ga mai son gasa, ƙofa a buɗe take ta kowane ɓangare. Tun 2005 ISU take shirya gasar manya a Oberstdorf ta Jamus ga masu shekara 28 zuwa sama, Amurka kuma tana da tata ta ƙasa tun 1995. A ƙaramin rukunin bibbiyu na Oberstdorf ba a yarda da ɗagawa sama da kai ba, cillin mai juyi ɗaya ne, kuma ana karɓar kewayen da mace ba ta kwanta ba. Ke nan dokar kanta ta yanke wa mai nishaɗi wasan daidai jikinsa. Ana yawan kawo misalin Deanna Stellato-Dudek, wadda ta ci gasar duniya ta bibbiyu a 2024 tana da shekara 40, amma ita tun tana yarinya ta kai matakin duniya kafin ta bar wasan ta dawo. Misalin da ya fi kusa da mai nishaɗi shi ne Ludmila Belousova da Oleg Protopopov, zakarun Olamfik na 1964 da 1968, waɗanda suka ci gaba da fitowa gaban jama'a bayan sun haura shekara 70, kuma abin da ake zuwa kallo a wurinsu a lokacin shi ne yadda ƙafafunsu ke tafiya kamar na mutum ɗaya.

Wanda ke da tsalle biyu ko uku masu juyi ɗaya da suka zauna, da abokin da matakinsu ya yi kusa kuma zai iya alƙawarin shekara guda, da mai horarwar da ya san aikin, da filin da ya ba da lokaci, ya shiga bibbiyu. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, rawa ce za ta ba shi abin da ya gani ya yi sha'awa. Ko waɗanda suka cika huɗun ma, wata ukun farko a kan tafiya tare za su ƙare: gittin ƙafa hannu da hannu, inda na cikin da'ira ke rage takunsa na waje ya ƙara, da koyon bin sawun juna ba tare da kallon ƙasa ba. Dutch Waltz da Swing Dance suna koyar da wannan fiye da kowane atisaye, shi ya sa masu horar da bibbiyu da yawa ke fara sa sababbin ɗalibansu rawa kafin su bari a ɗaga kowa ko da tafin hannu ɗaya daga ƙanƙara.